Palantir: kamfanin da ya yi arziki da rushe katangun da ke tsakanin kundayen gwamnati

A watan Janairun 2000 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta sa ido a kan wani taro da wasu 'yan Alƙa'ida suka yi a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Cikin mahalarta akwai Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi. Hukumar ta san Mihdhar na da bizar shiga Amurka, daga baya kuma ta sami labarin Hazmi ya riga ya sauka a Los Angeles. Mutanen biyu suka zauna a San Diego da sunayensu na yanka, suka kama haya, har sunan Hazmi ya fito a littafin lambobin tarho na garin. Ba a sa su cikin jerin waɗanda ake nema ba sai ƙarshen Agustan 2001. Ranar 11 ga Satumba suna cikin jirgin da aka afka wa ginin Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaron Amurka, da shi.

Da kwamitin binciken harin ya fitar da rahotonsa a 2004, abin da ya fi ci wa Amurkawa rai shi ne labarin yana hannun gwamnati tun farko. Wani yanki na wajen CIA, wani na wajen FBI, wani na ofishin biza, kowa ya kulle nasa a aljihun teburinsa. Daga wannan takaici aka haifi sana'ar Palantir, kamfanin manhajar kwamfuta na Amurka da ya shafe kusan shekara 20 yana tafka asara, sannan ya wayi gari darajarsa a kasuwar hannun jari ta zarce ta manyan maƙeran jiragen yaƙi.

An kafa shi a 2003. Jagoran tafiyar shi ne Peter Thiel, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa PayPal, kamfanin tura kuɗi ta intanet, tare da Alex Karp, Joe Lonsdale, Stephen Cohen da Nathan Gettings. Sunan an aro shi daga wasu duwatsun duba da ke cikin labaran marubuci Tolkien, dabarar kuwa daga PayPal ta fito. 'Yan damfara sun addabi PayPal a farkon shekarunsa, kwamfuta ita kaɗai kuma ta kasa kama su, domin da ta gane salo ɗaya sai su sauya wani. Abin da ya yi magani shi ne raba aikin: na'ura ta tace miliyoyin hada-hadar kuɗi ta ware masu alamar tambaya, sannan ƙwararren ma'aikaci ya duba da idonsa ya yanke hukunci. Lissafin Thiel shi ne tarkon da ya kama ɓarawon kati zai kama ɗan ta'adda. Masu zuba jari na Silicon Valley, cibiyar kamfanonin fasaha ta Amurka, suka ƙi sa kuɗinsu. Thiel ya zuba kimanin dala miliyan 30, sai In-Q-Tel, reshen zuba jari na CIA, ya sa kusan miliyan 2. Kuɗin na CIA ba su taka kara sun karya ba, amma sun buɗe wa injiniyoyin kamfanin ƙofa, suka riƙa zama da ma'aikatan leƙen asiri suna ganin yadda suke aiki. Da ɗan gari akan ci gari.

A wannan shekara ta 2003 majalisar dokokin Amurka ta yanke kuɗin wani shirin Pentagon mai suna Total Information Awareness, saboda fargabar gwamnati za ta leƙa asirin kowa. Palantir ya zo da alkawarin tsaro ba tare da taka 'yanci ba: kowane jami'i zai ga iya abin da doka ta ba shi damar gani, duk fayil ɗin da ya buɗe kuma manhajar za ta rubuta sunansa da lokacin. Mutumin da aka ba shugabanci ya dace da wannan talla. Karp abokin Thiel ne tun makarantar koyon shari'a ta Stanford, ya yi digirin digirgir a fannin falsafar zamantakewa a Frankfurt ta Jamus, ya kuma sha mara wa 'yan takarar Dimokurat baya, alhali Thiel yana bayan Trump tun 2016. Duk jam'iyyar da ta hau mulki, kamfanin na da mai yi masa iso a fada.

Mutane da yawa na ɗaukar Palantir a matsayin ɗan leƙen asiri mai tara bayanan jama'a yana sayarwa. Kamfanin yana musanta haka, kuma a nan gaskiya na wajensa. Hajarsa allura da zare ce. Kowace babbar hukuma na da rumbunan bayanai barkatai da aka gina a zamani daban-daban, ba sa jin yaren juna: na kamen masu laifi daban, na rajistar motoci daban, na shige da fice daban. Manhajar Palantir, wato Gotham ga jami'an tsaro da Foundry ga ma'aikatu da kamfanoni, tana hawa kan waɗannan duka ta mayar da layukan lambobi zuwa abubuwan da kowa ya sani, mutum, gida, mota, lambar waya, asusun banki, sannan ta ɗaura zare tsakanin duk biyun da suka taɓa haɗuwa a wata takarda.

Ɗauki mai bincike da ba shi da komai sai lambar waya ɗaya da aka tsinta a aljihun wani da aka kama. A da sai ya rubuta wa hukuma ɗaya takarda ya jira, ya aika wa ta biyu, wata ta amsa bayan mako uku, wata ta ce doka ba ta ba ta dama ba. Yanzu yana buga lambar sai allo ya nuna masa ɗigo. Ya taɓa ɗigon, zare ya miƙe zuwa sunan wanda ya taɓa rubuta lambar a takardar neman lasisi. Ya taɓa sunan, sai ga adireshi, ga mota, ga ranar da 'yan sanda suka tsayar da motar, har da wanda ke zaune a gefen direba. Ya taɓa adireshin, sai ga duk wanda ya taɓa zama a gidan. Kafin shayinsa ya huce ya zana dangi da abokan mutumin da bai taɓa gani ba. Kowane ɗaya daga cikin bayanan nan tsoho ne, gwamnati ta daɗe da shi. Haɗa su ne sabo, kuma a haɗin nan ƙarfin yake.

Ba a yin wannan ɗinki daga nesa. Kamfanin ya shahara da tura injiniyoyinsa su tare a ofishin mai saye, ko a sansanin soja a Iraƙi da Afganistan, inda aka yi amfani da manhajar wajen haɗa rahoton sintiri da wuraren da aka taɓa binne bam a gefen hanya. Salon yana cin kuɗi. A 2019 kamfanin ya sami kuɗin shiga dala miliyan 743, ya yi asarar kusan miliyan 580.

Abin da ya sauya masa ƙaddara, a ganina, shari'a ce. Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta riga ta kashe biliyoyin daloli a kan nata tsarin tattara bayanan sirri mai suna DCGS-A, wanda tsofaffin 'yan kwangilar Pentagon suka gina mata. Sojojin da ke fagen daga na ta ƙorafi a kansa, wasu rundunoni na roƙon a ba su Palantir, manya a Washington na jan ƙafa. Da aka tashi ba da kwangilar kashi na biyu, sai aka rubuta sharuɗɗan yadda mai gina sabon abu daga tushe ne kawai zai iya nema. A 2016 Palantir ya maka rundunar da yake neman cinikinta a kotu, yana dogaro da wata doka ta 1994 da ta wajabta wa hukumomi su fara duba kasuwa kafin su ba da kwangilar ƙera sabo. Kotu ta ba shi gaskiya a watan Oktoban shekarar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2018, a 2019 kuma ya kayar da kamfanin ƙera makamai na Raytheon a takarar kwangilar da za ta iya haura dala miliyan 800. Daga nan ya daina leƙe ta taga, ya shiga zaure ya zauna.

Sa'a ta biyu daga Google ta zo masa. A 2017 Pentagon ta ƙaddamar da shirin Maven don koya wa kwamfuta gane mutum, mota ko gini a hotunan jirage marasa matuƙi, waɗanda suka yi wa idon ɗan'adam yawa. A 2018 dubban ma'aikatan Google suka sa hannu a takardar ƙorafi cewa ba su yarda a yi sana'ar yaƙi da guminsu ba, kamfanin ya ce ba zai sabunta kwangilarsa ba. Palantir ya ɗauki abin da aka ajiye, ya ma mayar da shi tuta: shi yana tare da Amurka da ƙawayenta, ba ya aiki da gwamnatin ƙasar Sin, yana kuma zargin maƙwabtansa na Silicon Valley da cin arzikin ƙasa suna ƙyamar masu tsaron ta. A 2020 ya kwashe hedikwatarsa daga Palo Alto zuwa Denver, ya shiga kasuwar hannun jari ta New York.

Maven na yau ya wuce gane hoto. Allo ne da ke haɗa hoton tauraron ɗan'adam, bidiyon jirgi da rahoton mayaƙa, ya nuna wa kwamanda abin da ake zargi da makamin da ya fi kusa da shi. Wani nazari da cibiyar CSET ta Jami'ar Georgetown ta fitar a 2024 ya ce da wannan tsari sojoji kusan 20 sun iya yin aikin zaɓen wuraren hari da sai da mutum sama da 2,000 aka yi shi a yaƙin Iraƙi na 2003. A Mayun 2024 Palantir ya sami kwangilar Maven ta dala miliyan 480, bayan shekara guda aka ƙara adadinta zuwa kusan biliyan 1.3, ƙungiyar NATO ma ta saya a 2025. Yukiren ce ta zama masa filin baje koli. Karp ya je ya gana da Shugaba Zelensky a Yunin 2022, daga baya ya fito yana cewa yawancin zaɓen wuraren harin da sojojin ƙasar ke yi da manhajarsa ake yi.

Sai kuma guguwar ƙirƙirarriyar basira ta taso bayan fitowar ChatGPT. Hukumomi da kamfanoni suka gano basirar ba ta tsinana komai in bayanansu a hargitse suke, shi kuwa Palantir gyara hargitsin ne sana'arsa tun fil azal. A 2023 ya fara cin ribar cikakkiyar shekara. A 2024 kuɗin shigarsa ya kai dala biliyan 2.87, fiye da rabi daga gwamnatoci. Hannun jarin da ya faɗi zuwa kusan dala 6 a ƙarshen 2022 ya haura 180 a Agustan 2025, darajar kamfanin ta wuce dala biliyan 400, alhali Lockheed Martin mai ƙera jirgin F-35, da ya sami kuɗin shiga biliyan 71 a 2024, bai kai rabin haka ba. A daidai lokacin ne rundunar da ya taɓa kai wa kotu ta dunƙule kwangiloli 75 zuwa yarjejeniya ɗaya ta shekara 10 da za ta iya kaiwa dala biliyan 10. Masana kasuwa da dama na ganin farashin ya fi ribar nesa ba kusa ba. Wataƙila suna da gaskiya, amma ko farashin ya faɗi gobe, manhajar na nan daram a ofisoshin da ta shiga.

Abin da ya fi damuna yana cikin labarin da na fara da shi. Darasin 11 ga Satumba, cewa katanga tsakanin hukumomi na iya jawo asarar rayuka, gaskiya ne, amma rabinsa aka karanta aka bar rabi. Ba duka katangun nan sakaci ya gina ba. Wasu da gangan aka ɗora su bayan an sha wuya. Amurka ta yi dokar sirrin bayanan jama'a a 1974, ta kuma tsaurara sirrin takardun haraji a 1976, saboda an ga yadda gwamnatin Nixon ta nemi amfani da hukumar haraji wajen musguna wa abokan hamayya. Jamus ta raba 'yan sanda da hukumar leƙen asiri bayan yaƙin duniya na biyu don kada a sake haifar irin Gestapo, 'yan sandan ciki na zamanin Hitler. Ma'anar katangar ita ce abin da ka gaya wa likita na likita ne, abin da ka gaya wa mai karɓar haraji nasa ne shi kaɗai. Ko inda doka ba ta hana ba, wahalar aikin kanta kariya ce. Jami'in da sai ya yi wata guda kafin ya haɗa tarihin mutum ɗaya ba zai yi wa mutum dubu haka ba, dole ya zaɓi wanda ya cancanci wahalar. Ranar da aikin wata guda ya koma na minti biyar, majalisa ba ta zauna ba, ba a sauya ko harafi ɗaya a doka ba, amma ikon gwamnati a kan talaka ya ninku.

Baƙi ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Tun 2014, zamanin Obama, Palantir ya gina wa hukumar ICE mai farautar baƙin haure tsarin kula da fayilolin bincike. Kamfanin ya daɗe yana cewa aikinsa da sashen binciken manyan laifuka ne, ban da sashen tasa ƙeyar mutane, amma takardun da suka fito a 2019 sun nuna an yi amfani da tsarin a wani samame na 2017 da aka auna iyaye da dangin yaran da suka tsallaka iyaka su kaɗai. Yaro ya faɗi sunan kawunsa don a kai shi wajensa, sunan ya zama zaren da za a bi a kamo kawun. A Afrilun 2025 ma aka daina wannan rarrabewa: ICE ta ba kamfanin kwangilar dala miliyan 30 ya gina mata ImmigrationOS don bibiyar waɗanda za a kora, har da waɗanda bizarsu ta ƙare. Wata guda kafin nan Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya ce hukumomin tarayya su kawar da shingayen da ke tsakanin bayanansu, a Afrilun kuma hukumar haraji ta amince ta ba ICE bayanan wasu masu biyan haraji, mutanen da aka daɗe ana ƙarfafa wa gwiwa su biya bisa amanar sirri. Palantir ya musanta cewa yana gina wani babban rumbu guda na duk Amurkawa. Sai dai dabararsa tun asali ba ta buƙatar rumbu guda. Kowa ya bar nasa inda yake, zare kawai za a ja.

Akwai kuma kuskure. Zaren da manhaja ta ɗaura bai san bambancin abokin aikata laifi da maƙwabci ba, ko mai shagon da duk unguwa ke kiran wayarsa. Matsalar ta fi ƙamari ga masu irin sunayenmu. Muhammad ɗaya na iya zama Mohammed a fasfo, Muhammadu a takardar makaranta, Mahamadou in daga Nijar yake, ranar haihuwarsa kuma 1 ga Janairu kamar ta dubban waɗanda ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Dole tsarin ya tsai da shawara: mutum ɗaya ne ko uku? In ya raba mutum ɗaya, mai laifi ya kuɓuta. In ya haɗa mutum biyu, laifin wani ya hau kan wani. Kama da wane ba wane ba ne, amma jami'in da ya gaji, ga tulin fayiloli na jiran sa, ga zare a miƙe tsakanin sunaye biyu a kan allo, ba kasafai yake tsayawa tambaya ba. A fagen yaƙi kuwa irin wannan kuskure ba ya gyaruwa. Ana cewa ɗan'adam ne ke yanke hukuncin ƙarshe, haka ne, amma idan mutum 20 na aikin 2,000, ina suka ga lokacin yin shakka?

Hujjar kamfanin ba ta banza ba ce. Yana cewa gwamnatoci za su haɗa bayanai ko da shi ko ba shi, gara a yi da manhajar da ke rubuta wanda ya buɗe me, kuma in ƙasashen dimokuraɗiyya suka ja da baya Sin da Rasha ba za su ja ba. Manhajar ta yi aikin alheri a zahiri: da ita Amurka ta tsara rabon rigakafin korona, Airbus na amfani da ita wajen kula da lafiyar jirage. Amma rajistar wanda ya buɗe fayil jami'in da ya saɓa umarni kaɗai take kamawa. In daga sama umarnin ya fito, za ta rubuta zaluncin cikin tsari ba tare da ta hana shi ba. Sannan wa ke tantance ƙasar da ta cancanci kayan? Kamfanin da kansa. A Janairun 2024, ana tsakiyar ruwan bama-bamai a Gaza, shugabanninsa sun yi taro a Tel Aviv, suka ƙulla yarjejeniya da ma'aikatar tsaron Isra'ila don tallafa wa yaƙin. Karp ya amsa cewa wasu ma'aikatansa sun ajiye aiki saboda matsayinsa. Kamfanin zuba jari na Storebrand da ke Norway ya sayar da hannun jarinsa, mai bincike ta musamman ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Francesca Albanese, kuma ta sa sunan Palantir a rahotonta na 2025 kan kamfanonin da ke cin moriyar mamayar Falasɗinu. Kamfanin ya musanta cewa shi ya ƙera tsarukan zaɓen mutanen da za a kashe da 'yan jarida suka bankaɗo a Gaza. Ko an karɓi wannan musu, shi ya zaɓi tsayawa a gefen masu jefa bam a kan al'ummar da aka killace, kuma ni ban ga falsafar da za ta wanke shi ba.

Inda doka ta yi ƙoƙarin cim ma fasahar shi ne Jamus. 'Yan sandan jihar Hesse suna aiki da Gotham da sunan hessenDATA. Ranar 16 ga Fabrairun 2023 kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta yanke hukuncin cewa dokokin Hesse da Hamburg da suka ba da damar irin wannan tace bayanai sun saɓa wa tsarin mulki. Alƙalan sun kama bakin zaren daidai: ko da an tara kowane bayani bisa doka, haɗa su ta na'ura sabon kutse ne a rayuwar mutum, yana kuma jawo shaidu da waɗanda aka zalunta cikin koma ɗaya da waɗanda ake zargi. Kotun ba ta haramta manhajar ba, iyaka ta ce a sa mata. Hesse ta gyara dokarta ta ci gaba, Bavaria ma ta ɗauka.

Fita kuwa ta fi shiga wuya. A Maris na 2020, korona na ta'adi, Palantir ya karɓi aikin haɗa bayanan hukumar lafiya ta Ingila, NHS, a kan fam 1 tak. Kafin shekarar ta ƙare an sa hannu a kwangilar fam miliyan 23, a Nuwamban 2023 kuma ta fam miliyan 330 ta shekara 7 don haɗa bayanan asibitoci, duk da adawar likitoci da masu kare haƙƙin marasa lafiya. Shigo-shigo ba zurfi. Hukumar leƙen asirin cikin gida ta Faransa ta ɗauke shi a 2016 bayan harin Paris, da niyyar maye gurbinsa da na gida, ta kuma sabunta kwangilar fiye da sau ɗaya. Kamfanin na yawan cewa bayanan na mai saye ne. Amma taswirar da ta haɗa su, da ma'aikatan da hannunsu ya saba da ita, da ƙwarewar gina na kanka da ke mutuwa in an daina amfani da ita, ba a loda waɗannan a mota a koma da su. Haka ɗan kwangila ke zama ƙarfen ƙafa.

Su wa ke riƙe da mabuɗin ƙarfen? An ƙirƙiri wani rukunin hannun jari na musamman da ke ba Thiel, Karp da Cohen kusan rabin ƙuri'un kamfanin, muddin sun riƙe wani kaso na jarin. Thiel ne ya zuba dala miliyan 15 don zaɓen JD Vance a matsayin sanata a 2022, wanda ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2025. A Yunin 2025 aka rantsar da shugaban fasahar kamfanin, Shyam Sankar, a matsayin laftanar kanar a rundunar sojojin ko-ta-kwana. Komai a fili aka yi shi, ba na zargin wata maƙarƙashiya. Sai dai ana neman kasa bambance mai saye da mai sayarwa, yarjejeniyar sojan ƙasa kuma za ta kai 2035, bayan an yi zaɓen shugaban ƙasa har sau biyu.

Zaren ya iso kusa da mu ta ƙofar da ba a zata ba. A Fabrairun 2019 hukumar samar da abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, wadda ke ciyar da 'yan gudun hijira a Borno, Yobe, Adamawa da Diffa, ta ƙulla yarjejeniyar shekara 5 ta dala miliyan 45 da Palantir don tsara saye da jigilar abinci. Ƙungiyoyin kare haƙƙi da dama suka rubuta mata wasiƙar ƙorafi, ita kuma ta ce kamfanin ba zai ga bayanan da ke nuna ko wane ne mai karɓar tallafi ba. Na yarda tsara jigila na rage asara, buhun da aka tsimi kuma bakin wani zai shiga. Amma ka tsaya a bayan layin rajista a sansani ka duba. Mace ce da goyo, ta baro ƙauyensu da abin da ke jikinta, ana tambayar ta sunanta, garinsu, yawan 'ya'yanta, ana ɗaukar hoton yatsanta kafin a ba ta kati. Ba wanda zai ce shawara ta yi ta amince, yunwa ce ta miƙa yatsan. Ba ta san sunan kamfanonin da hukumar ke hulɗa da su ba, ba ta kuma da wata kotun Karlsruhe da za ta kai ƙara. Abin da ke kare ta shi ne alkawarin hukumar cewa wannan rumbu ba zai haɗu da wancan ba.